Sau Goma Sha Ɗaya Aka Buɗe Fayil Ɗin Rahma

Ƙarfe shida da rabi na safe Rahma ta durƙusa a gaban surukinta, Malam Sodangi, ta sa safar hannu ta fara warware bandejin da ke ƙafarsa ta dama. Wata huɗu ke nan tana wannan aiki, tun da ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙasan babban yatsa. Likita ya faɗa musu ƙarara cewa in aka yi sake na 'yan kwanaki, ƙafar za ta tafi. Rahma nas ce, kuma matar ɗansa Hayatu, don haka ita ta ɗauki wankin ciwon safe da yamma.

"Ya hwara ja, Baba. Nama na tahowa," in ji ta.

"Alhamdu lillahi. Ni ban jin komi ga ƙahwagga, ke ɗai ka gani mani."

Aka ɗaga labule. Saudatu ce, babbar 'yar Malam, yayar Hayatu, wadda ta dawo gida shekara biyu da mutuwar aurenta. Tun asuba take kan murhu tana dama masa kunun gyaɗa.

"Baba, ga kunu, da zahi nai."

"Aje nan. Bari Rahmatu ta gama ta ɗanɗana, ta ji ko kin sa sukari."

"Ban sa ba, Baba."

"To, ai ba a yi gardama ba. Ta ɗanɗana ɗai."

Saudatu ta ajiye kwanon a hankali, ta miƙe. Shekararta arba'in da ɗaya, ita ta yi jinyar mutumin nan lokacin da ya karye a hanyar Wamakko, wannan yarinyar ko firamare ba ta gama ba. Yau kununta sai an ɗanɗana. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ji yana sa wa Rahma albarka, doguwa, har da iyayenta na Dundaye. Ita ko "sannu" ba ta samu ba.

Asibiti ɗaya suke aiki, wani na kuɗi a Arkilla. Rahma a ɗakin maza marasa lafiya, Saudatu a ɗakin kati, inda ake buɗe wa mutane fayil a kwamfuta. Keke ɗaya suke shiga kullum. Ran nan ba su kai shataletale ba Rahma ta taɓa mai keke ta ce ya tsaya, ta sauka ta yi amai a gefen titi. Da ta dawo, ƙarfe takwas daidai, ta ciro wata ƙwaya daga cikin jaka ta haɗiya, ta mayar da robar da sauri.

"Lahiya, Malama nas?"

"Lahiya lau, Yaya. Zahi na."

Ba zafi ba ne. Kwana huɗu da suka wuce, tana ɗibar jinin wani maras lafiya ya fizge hannu, allurar ta soke ta a yatsa. Aka gwada mutumin aka samu yana da ƙanjamau. Aka gwada Rahma, ba ta da komai. Likita ya ɗora ta a kan maganin kariya, ƙwaya ɗaya kullum har kwana ashirin da takwas, don kada cutar ta kama ta. Ƙwayar iri ɗaya ce da wadda masu cutar suke sha. Hayatu ne kaɗai ta gaya wa, shi ma ya raka ta wurin likitan.

Saudatu kuwa ciki ta zata. Ciki na biyu, alhali ita ta yi shekara tara a gidan miji ko ɓari ba ta yi ba. Ta hango Malam yana raɗa wa jariri suna, ta hango raguna. Tana zama a kujerarta, kafin ma ta sallami mutum ɗaya daga layin da ke bakin taga, ta buga sunan Rahma. Aikinta ya tsaya ne a shafin farko, suna da lamba da unguwa. Amma babu abin da ya kulle sauran. Ta danna shafin magani.

Ta san sunan ƙwayar nan. Kowace Talata tana ganinsa a katin mutanen da ke zuwa ta ƙofar baya suna rufe fuska. Ta ja kujera baya a tsorace. Sai kuma ta ji wani abu mai sanyi ya sauka a ƙirjinta, abin da ta ji kunyar kiransa daɗi. Ta ɗaga waya ta ɗauki hoton shafin.

Da yamma ta iske mahaifiyarsu, Inna Lantana, tana tsinkar sure, wato yakuwa, a gindin darbejiya. Ta zauna kusa, ta miƙa mata wayar.

"Mi na na? Kin san ban karatun boko."

"Maganin da matar Hayatu ka sha na, Inna."

"Maganin mi?"

Saudatu ta waiga hagu da dama. "Na masu ciwon nan."

"Wane ciwo?"

"Wanda ba a hwaɗi."

Ganyen suren ya zube daga hannun Inna. Ta yi salati, ta sake yi. Ta dubi ɗakin Malam, ta dubi randa, ta dubi Nabila, 'yar Rahma mai shekara uku, tana wasa da murfin kwano.

"Kak ki hwaɗa ma kowa. Kak Malam shi ji. Gidanga ba a taɓa jin irin wagga magana ba, ba kuwa a jin ta."

Haka aka yi. Babu wanda ya furta komai.

Washegari ranar girkin Rahma ce. Ta fito za ta ɗora tukunya, Inna ta ce, "Bari, ɗiyata, kin gaji. Huta." Rahma ta ji daɗi, ta yi godiya. Da dare aka kawo mata tuwo a wani sabon kwano har ɗaki, maimakon babban kwanon da matan gidan suke haɗuwa a kai. Rana ta biyu ta sha ruwa a randa, tana juya baya ta ji an ɗauke moɗar, an zuba mata toka ana dirza. Rana ta uku Inna ta ce Nabila ta girma, gara ta koma kwana ɗakin kaka. Rahma ta ɗiba wa yarinyar dafa-duka a cokali, matar ƙanen Malam ta zo da gudu ta ɗauke ta, wai za a yi mata kitso.

Rana ta biyar da asuba ta ɗauko jakar kayan wankin ciwo, ta iske Inna zaune a kan tabarma a bakin ƙofar Malam, ta tare hanya da ƙafafu.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau. Koma ki kwanta. Saudatu ta amshi aikin."

"Inna, ciwon Baba ba kamar sauran ciwo na ba. Sai an san—"

"Ita ma asibiti take aiki."

"Ɗakin kati take, Inna."

"Ɗiya tai ta. Ko ɗiya ba ta taɓa uba nata sai da takarda?"

Daga ciki Rahma ta ji ƙarar ruwa a roba, ta ga tururi na fitowa ta gefen labule. Ta ɗaga murya, "Yaya, kak ki sa ruwan zahi! Bai jin zahi, za ki ƙona shi!"

Saudatu ta leƙo, hannunta sanye da safar da ta ɗauko a asibiti, fuskarta a sake kamar ranar salla. "Na ji, likita. Sauka lahiya."

Rahma ta koma ɗaki ta sami Hayatu yana ɗaura agogo zai tafi makarantar da yake koyarwa. Ta mayar da ƙofa.

"Abban Nabila, sun sani."

"Sun san mi?"

"Maganin. Sun ɗauka ina da cutar."

Ya ci gaba da neman hularsa. "Wa yac ce miki haka?"

"Ba wanda yac ce."

"To kin gani. Zato na."

"An raba mani kwano. An ɗauke mani ɗiya. Yau an hana ni ƙahwar Baba. Ka tahi ka gaya ma Inna abin da likita yac ce, a gabanka yac ce shi."

Hayatu ya zauna a bakin gado, ya dafe goshi. "Rahma, ki duba mani. In tahi gaban Inna in ce mi? Ba ta tambaye ni ba. In buɗe baki in hwara wanke matata a kan abin da ba a ce ba? A ce Hayatu ya zama bakin mata tai? Kin san gidanga."

"To ni in hwaɗi."

"A'a! Suruka ta kama sunan wanga ciwo gaban Inna? Kwana nawa ya rage?"

"Sha tara."

"Kwana sha tara ɗai. Ki gama, a gwada, magana ta mutu da kanta. Haƙuri za ki yi."

"Ƙahwar Baba ba ta kai kwana sha tara."

Ya sami hular a ƙarƙashin matashi, ya sa, ya ce ya makara.

A asibiti ma iska ta canza, maganar ta fita ba a san ta bakin wa ba. Abokan aikinta da suke cin ƙosai a leda ɗaya da safe suka fara cewa sun karya a gida. Wata mai shara ta tare ta a bayan ɗakin magani, ta kama hannunta da gefen hijabi, ta ce, "Allah shi ba ki lahiya, ba a mutuwa da shi yanzu." Ran Alhamis ɗan wani maras lafiya ya tsaya tsakaninta da gadon ubansa ya ce a kira wata nas ɗin, ba ita ba. Ya faɗa a gaban gadaje goma sha biyu.

Ta ajiye farantin allura, ta wuce ofishin Matiron Sadiyatu, shugabar nas-nas.

"Ina son a duba mani wa ab buɗe fayil nau."

Matiron ta cire tabarau. Ta san kwamfutar tana rubuta sunan duk wanda ya shiga fayil, da rana, da lokaci, da shafin da ya buɗe. Ta yi jinkiri, sannan ta danna. Ta juyo wa Rahma da fuskar kwamfutar.

Likita, sau biyu. Mai ba da magani, sau ɗaya. Saudatu Sodangi, sau goma sha ɗaya.

Rahma ta bi layukan da yatsa. Ranar farko shafin magani kawai aka buɗe. Rana ta uku, ƙarfe goma da minti bakwai, an buɗe bayanin likita, inda aka rubuta yadda allura ta soke ta, da sakamakon gwajinta, da cewa maganin na kariya ne. An zauna a kan shafin minti tara. Bayan nan an sake buɗe shi sau huɗu. Rana ta biyar aka hana ta ƙafar Malam.

"Ta karanta," in ji Rahma. "Ta san ba ni da shi."

Matiron ta sauke numfashi. "Laihi na babba, ban musu ba. Kora ta ga doka. Amma Rahma, yayar mijinki ta. Wagga maganar gida ta, ku sasanta can."

"A nan anka buɗe, Matiron. Da kwamfutar nan."

"Kin san Dakta Gazali, mai asibitinga, gaban Malam yay yi karatu. Shi kori ɗiyar malami nai? Da wane ido za shi shiga zauren? Kuma in kin rubuta, ke za ki zauna gidan, ba ni ba."

"Ba ni takarda."

Rahma ta rubuta ƙorafi a tsaye, ta sa hannu, ta sa rana. Matiron ta karɓa ta tura ƙarƙashin wasu takardu.

Da ta koma gida ta ce wa Inna tana da magana a kan abin da ya faru a wurin aiki. Inna ta ɗaga hannu. "Maganar asibiti ku bar ta asibiti. Nan gida na."

Kwana goma sha biyu da hana ta shiga, Rahma tana shanya a tsakar gida iska ta kaɗo daga tagar Malam. Ta tsaya da rigar a hannu. Ta san warin nan. Wanda ya yi shekara shida a ɗakin marasa lafiya ba ya mance shi. An kunna turaren wuta a ɗakin, amma warin yana ƙarƙashinsa.

Sai ga Saudatu ta fito da kwalba cike da rubutu, ta ajiye a ƙasa nesa da ƙafar Rahma.

"Baba yac ce a ba ki. An ce mishi ba ki da lahiya, shi ya rubuta da hannu nai yana kwance." Ta ja baya. "Kullum sai ya tambaya. Ina Rahmatu, ta ji sauƙi? Ni ina riƙe da ƙahwa tai, ke yaka tambaya."

"Yaya, na ga abin da kwamfuta tar rubuta. Sau goma sha ɗaya."

Saudatu ba ta ko ƙifta ido ba. "Aikina na buɗe fayil."

"Kin karanta bayanin likita."

"Likita na iya rubuta komi don rufa asirin ma'aikaciya tai. Ni uba nau nika karewa."

"To kare shi. Ciwon ya ruɓe, ina jin shi daga nan. Na bar miki kunun, na bar miki albarkar, dut na bar miki. Ki bar ni in gani minti biyat ɗai, ko ki kai shi asibiti yau."

"In kai shi a ce mi? A ce ɗiya tai ta kasa, sai ɗiyar manoman Dundaye?" Ta kau da kai. "Yana warkewa. Ruwa na ɗai yaka hitarwa."

Ta juya ta shige, ta ja labule.

Rahma ta sake gaya wa Hayatu. Ya leƙa ɗakin, ya gaida ubansa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ga ƙafa a naɗe da farin bandeji tas. Ya dawo ya ce Yaya ta ce da sauƙi, kuma saura kwana bakwai.

Ran Juma'a Malam bai je masallaci ba, karo na farko a shekaru. Zazzaɓi ya rufe shi. Bayan la'asar manyan ɗalibansa da ƙannensa biyu suka shigo dubiya, mutum tara, suka zauna a kan darduma kewaye da gado. Hayatu na rakuɓe a bakin ƙofa. Mata duk sun koma ɗakuna, kamar yadda ake yi in maza sun shigo. Inna ta tashi daga tabarmarta.

Rahma ta sa hijabi, ta ɗauki jakarta, ta ratsa tsakar gida. Hayatu ya gan ta ya miƙe yana girgiza kai. Ta wuce ta gefensa ta yi sallama.

Kowa ya juyo ya dube ta. Ta durƙusa a ƙarshen gado.

"Rahmatu?" Muryar Malam ta yi ƙasa sosai. "Kin ji sauƙi?"

"Lahiyata lau, Baba. Ban yi ciwo ba. A gahwarta mani, zan yi magana gaban manya." Ta ɗaga kai. "An ce ina da ƙanjamau."

Wani ya ce subhanallahi. Ɗaya daga ƙannen Malam ya sunkuyar da kai. Daga bayan labule aka ji Inna ta saki salati.

"Ƙanjamau anka ce, shi ya sa anka raba mani kwano, anka ɗauke mani ɗiya, anka hana ni ƙahwarka. Ba ni da shi. Allura tas soke ni wurin aiki, likita yab ba ni maganin kariya. Ɗanka na nan, gaba nai anka yi. Wadda tab buɗe fayil nau ta karanta haka, ta sani tun kwana na ukku. Yanzu a ba ni izini in buɗe ƙahwagga."

Malam ya juya kai a hankali ya dubi Hayatu. "Haka na?"

Hayatu ya dubi ƙasa. "Haka na, Baba."

"Buɗe."

Bandejin sama fari ne. Na ƙasa ya manne. Da ta ɗaga na ƙarshe, mutum biyu suka toshe hanci da gefen rawani. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Bayan ƙafar ya saluɓe inda ruwan zafi ya dafa shi, kumburi ya haura har ƙwauri. Malam bai ji komai ba. Fuskokin mutane ya duba ya gane.

Labule ya yaye. Saudatu ta faɗo ɗakin ba ko mayafin kirki, tana kuka. "Uba nau na! Ni yah haihwa, ba ita ba! Shekara nawa ina gidanga ina dahwa mai, ina wanke mai, bai taɓa cewa hannuna na da albarka ba! Tun da taz zaka, Rahmatu, Rahmatu, Rahmatu! Ni mi niy yi?"

Rahma ta ce wa Hayatu ya kawo mota yanzu-yanzu.

Ran Asabar da hantsi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Masu dubiya suka cika asibiti. Inna ta zauna a baranda tana amsa gaisuwa, tana gaya wa kowa ciwon suga ne, ƙaddara ce, an yi iya ƙoƙari. Dakta Gazali ya zo da kansa ya durƙusa gaban malaminsa. Ran Litinin aka ɗauke Saudatu daga ɗakin kati aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya, da albashinta cif. Aka kuma liƙa takarda a bango cewa ma'aikata su kiyaye sirrin marasa lafiya. Matiron ta kira Rahma ta ce tunda an ɗauki mataki, ta zo ta janye ƙorafinta. Rahma ta ce a bar shi inda yake.

A gida kuwa, maganar da ake yi ba ta hoton da aka ɗauka ba ce. Ba ta ruwan zafi ba ce. Maganar ita ce suruka ta shiga cikin maza tara ta kama sunan ciwon da bakinta, yanzu duk unguwa ta ji. Matar ƙanen Malam ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin rashin ta-ido irin wannan ba. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa cewa yarinyar nan tana da wani abu ba, a tambayi kowa, hutu kawai ta ba ta. Saudatu ta daina cin abinci kwana biyu, sai aka koma lallashinta.

Da aka sallamo Malam, ya ce babu mai taɓa dungun sai Rahma. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya daina dai amsa gaisuwar Hayatu da baki, sai da hannu. Kullum safe Rahma na durƙushe tana naɗe abin da ya rage, Saudatu na wucewa ta bakin taga da tsintsiya, tana share wuri ɗaya sau uku.

An mayar mata da Nabila. Kwanon dai ba a mayar ba.

Sati shida da sukar allurar aka sake gwada ta. Ta fito daga wurin likita ta ninke takardar, ta sa a jaka. Da yamma Hayatu ya shigo ɗaki da fara'ar da ya daɗe bai yi ba.

"Likita ya kira ni. Alhamdu lillahi! Kawo takardar."

"Ka yi mi da ita?"

"In kai ma Yaya ta karanta ma Inna. Kowa shi gani, magana ta ƙare. Sai ki ɗan ba Inna haƙuri a kan na ran Juma'a, ki janye takardar asibiti. Shi ke nan, a koma kamar da."

Rahma ta dube shi. Ya miƙo hannu yana jira, da gaske yake, yana ganin gyara ya zo yi.

"Yaya ta karanta ma Inna," ta maimaita.

"To wa ka karantawa? Inna ba ta boko."

"Jinina anka ɗiba, Abban Nabila. Takardata ta. Ba mai sake karanta ni a bayan idona." Ta ja zif ɗin jakar. "Ga ni nan cikin gidanga, ɗakina ba shi da nisa. Wanda ka son sani, shi zaka shi zauna, shi tambaye ni da baki nai. Shi kama sunan abin da yaka tuhumata da shi. Wallahi in amsa mai."

"Kin san ba mai iya wanga."

"Na sani."

Ya tsaya da hannu a miƙe har ya gaji, ya sauke.

Damina ta zo ta wuce. Ƙorafin yana ƙarƙashin takardun Matiron. An kawo wa Malam keken guragu daga wani ɗalibinsa na Wamakko, ana tura shi zaure yana ba da karatu. Matan gidan suna haɗuwa a babban kwano bayan magariba, Rahma na ci a ɗakinta da 'yarta. Mutum goma sha bakwai ne a gidan, kowa yana gaishe ta da safe, kowa yana tambayar ta gajiya da aiki.

Har yau babu wanda ya tambaye ta sakamakon.